Tambayi Kawu: Me ya sa jitata ba ta kuka irin na gurmi?

Salamu alaikum jama'ar Zango. Wannan watan saƙonni sun taru a kan abu guda kamar an haɗa baki, wato saitin jita, yadda ake ɗaure tsirkiyoyin nan shida ba irin ɗaurin da aka saba ba. Na zaɓi shida daga ciki. Wanda ya turo tambayar halacci ko haramcin kiɗa kuwa, malamai na nan cike da Zango, shagonsu daban nawa daban.

Kafin mu fara, don kar mu rikice: in nace ta 6 ina nufin tsirkiya mai kaurin nan ta sama, ta 1 kuma siririyar ƙasa, kuma duk saitin da zan rubuto daga mai kauri nake farawa. Firet shine ƙarafunan nan da ke kwance a wuyan jita. Haruffan A zuwa G sunayen sautuka ne, kod kuma sautuka ne da ake bugawa tare. In nace sauke firet biyu, ina nufin ka sassauta tsirkiyar har sautinta ya yi ƙasa da tazarar firet biyu.

Kawu barka da aiki. Ni ɗan Aboabo ne a Kumasi, shekara biyu kenan ina koyon jita wajen wani abokina da yake kaɗawa a coci, na iya kod ɗin C da F da G da su A maina, amma matsalata itace duk sanda naso in bi waƙar da kakata take rerawa in tana aiki, ko irin kiɗan kologo ɗin mutanen Bolga da muke ji wajen Kejetia, sai inji abun ya koma waƙar coci, daɗi kam akwai amma ba namu bane. Hannuna ne ko jitar ce?

Ɗana, ba hannunka bane kuma jitar ba ta da laifi, kod ɗin da aka koya maka ne suke yi wa waƙar kakarka katsalandan.

Saitin da kowa ya sani, E A D G B E, an tsara shi ne don mai yawan canza kod. Tsakanin kowace tsirkiya da maƙwabciyarta firet 5 ne, sai tsakanin ta 3 da ta 2 da aka bar firet 4, duk don yatsu huɗu su iya kamo kod a kowane ki, wato matakin sautin da waƙa take zaune a kai, ba tare da hannu ya yi doguwar tafiya ba. Rabon gado ne irin na gidan yawa, kowane ki ya samu ɗan kasonsa, ba wanda ya ƙoshi. Shi ya sa in ka shafa tsirkiyoyin shida ba ka danne komai ba zaka ji wani sauti da bai san gidansu ba.

Toh kayan kiɗanmu ba haka suke aiki ba. Garaya tsirkiya biyu ce, kologo biyu ce, kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos ma ɗaya tak, kuma da ita ya cika duniya. Waɗannan ba ruwansu da canza kod. Sauti ɗaya ne yake zaune daram a ƙasa kamar turmi a tsakar gida, waƙa ta fita ta zagaya ta dawo ta same shi a inda ta bar shi. Shi kuwa kod ɗin Turawa sauti uku ne, tunda abokinka ɗan coci ne ya koya maka ka san su, do mi so. Do da so ba su da surutu, sun yarda da kowa. Mi ɗin nan na tsakiya shine mai yanke hukunci, in ya tsaya a inda yake kod ya zama meja mai fara'a, in ya sauka firet ɗaya ya zama maina mai ɗaure fuska. Waƙoƙinmu da yawa kan sauti biyar suke tafiya, wata sa'a su tsallake mi ɗin gaba ɗaya, wata sa'a muryar ta faɗa wani wuri tsakanin na meja da na maina, kai kuma kana nan kana dankara mata C, F, G. Dole ka ji coci.

Ga abinda zaka yi, kuma a hankali. Fara da sauke ta 6 kaɗai daga E zuwa D, firet biyu. Makaɗa suna ce masa durof D. Tsirkiyar da take girgiza sau 82 a sakan ta koma 73, kuma manyan ukun sun zama D A D, wato do so do, babu mi a ciki. Ka sa babban yatsa yana bugun ta 6 da ta 4 bi da bi kar ya tsaya, manuniya kuma ta nemi waƙar a kan siraran. Kwana uku kana wannan kunnenka zai fara gane gida.

In ka saba sai ka ƙara biyu: ta 2 daga B zuwa A, ta 1 daga E zuwa D. Yanzu kana da D A D G A D, wanda ake karanta shi kamar suna a ce Dadgad. Wani makaɗin Birtaniya, Davey Graham, shi ya yayata shi a farkon shekarun 1960 bayan ya je Maroko ya ji masu kaɗa ud, molon Larabawa, yana neman yadda zai bi su da jita, kaga kenan ciwonku ɗaya da shi. Daga baya makaɗan Ayalan da Sukotilan suka rungume shi, don su ma kiɗansu na gargajiya yana da sautin nan guda mai zama a ƙasa. Pierre Bensusan, haifaffen Oran ta Aljeriya, kusan duk rayuwar kiɗansa a wannan saitin ya yi ta.

Shafa shi a buɗe ka saurara. D uku, A biyu, G ɗaya, do da so da fa. Ba meja bane ba maina bane, sauti ne a rataye kamar mutumin da ya yi sallama yana tsaye a zaure ba a ce ya shigo ba tukun. Wannan ratayar itace dukiyarsa, don duk waƙar da ka ɗora a kai ita za ta faɗi ko fara'a ake ko jimami. Gwada a kan ta 1 kaɗai sauran suna kuka a buɗe: buɗe, firet 3, 5, 7, 10, 12, sauti biyar ɗin mai duhu kenan, don na 12 maimaicin na buɗe ne a sama. Sai buɗe, 2, 4, 7, 9, 12, mai haske. Ina kyautata zaton waƙar kakarka tana cikin ɗaya daga biyun nan ko kusa da su.

Akwai wani abu kuma da ni yake burge ni har yau. Duk sanda ka taɓa D a ko'ina a wuyan jitar, sauran D ɗin suna amsawa da kansu ba ka taɓa su ba, sai jitar 'yar ƙarama ta cika ɗaki kamar an sa ta a rijiya. Sannan ta 3 da ta 2, G da A, tazararsu firet biyu ne kacal, in suka yi ƙara tare sai ka ji wani ɗan gogayya mai daɗi irin na seperewa ɗin Asantawa inda sauti ke hawa kan sauti kafin na farko ya mutu.

Wasa na ƙarshe, kuma shi nafi so ka yi. Bar komai yadda yake, ka kama abin murɗawa na ta 3 kaɗai. A G kana rataye. Sauke firet ɗaya zuwa F#, gari ya waye, ka shiga buɗaɗɗen D meja. Ƙara sauke ɗaya zuwa F, hadari ya haɗu, D maina kenan, irin ɗaurin da Skip James na Misisifi ya yi suna da shi a faya-fayansa na 1931. Tsirkiya ɗaya, murɗi kaɗan, fuska uku. Wani dare a majalisar shayi a Asawase na yi wa wani Bafarafare mai kologo wannan wasan, da na kai F# ya yatsine fuska, da na mayar G sai kawai ya ɗauki kologonsa ya shigo ba wanda ya gayyace shi, muka kai ƙarfe ɗaya.

Aibinsa ɗaya, ya aurar da kai ga D. In mai waƙa yace muryarsa ba ta kai nan ba sai ka nemi kafo, maƙalen nan da ake ɗamewa a wuyan jita. Mu da fensir da robar taya muka yi namu kuma ya yi aiki.

Kawu dan Allah taimaka, daga Madina nake a Akra. Naga ance Ali Farka Toure yana ɗaga ta 6 zuwa G, na gwada ta tsinke ta kusa cire min ido, na sake sayo wata na gwada buɗaɗɗen E ita kuma ta 4 ta tafi. Kuɗin wayar jita ya ishe ni wallahi.

Sannu ɗana, Allah ya tsare gaba, kuma daga yau in kana ɗaga tsirkiya ka kawar da fuskarka.

Lissafin ba ya da tausayi. In ka ɗaga tsirkiya firet biyu, jan da take yi ya ƙaru da kashi 26 cikin 100. In firet uku ne, kamar E zuwa G ɗin da ka yi, kashi 41. Jitar katako mai wayoyin ƙarfe dama tana ɗauke da jan da ya kai wajen kilo 70 a wuyanta, ga iskar tekun Akra tana cin wayoyin da tsatsa, ka zo ka ƙara mata wannan. Buɗaɗɗen E, wato E B E G# B E, tsirkiya uku yake ɗagawa lokaci guda. Ba ka buƙatarsa sam. Yi buɗaɗɗen D, D A D F# A D, wanda duk saukewa ne, ka ɗame kafo a firet 2, ka samu E ɗinka ba asara.

Shi kuwa G A D G B E ɗin da ake dangantawa da Ali Farka, mutumin Niyafunke ta Mali da ya rasu a 2006, kuma zaka ji irinsa wajen makaɗan Buzaye, ya cancanci wahalar. Duba sautukan: G A B D E, biyar ɗin nan cif, do re mi so la. Abin mamaki saitin da aka saba ma waɗannan biyar ɗin ne a cikinsa, amma da yake E ce a ƙasa sai gidan ya ɓace. Da ka mayar da ta ƙasan G, babban yatsa ya samu G da D da wata G a buɗe, hannun hagu ya samu 'yancin yawo. Dabarar itace ka sayi tsirkiyar A, wato ta 5, ka sa ta a gurbin ta 6 ka sauke ta zuwa G. Saukewa ka yi kenan maimakon ɗagawa, ba abinda zai tsinke.

Kuma duk sanda ka canza saiti ka bi tsirkiyoyin sau biyu ko uku, don wuyan jita yana motsi in jan ya canza, ka gyara ta 1 ka dawo ka tarar ta 5 ta gudu. Da hunturu abin ya fi muni, katako na bushewa.

Assalamu alaikum Kawu. Ni fita ne a Magazin ta Suame. Bara injin ya cinye min kan yatsu biyu na hannun hagu, ta tsakiya da mai bi mata, Alhamdulillahi na warke amma danna kod ya gagare ni, zafi kamar allura. Jitar na rataye shekara guda. In sayar ne ko akwai dabara?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara lafiya, ya sa kaffara ne. Kar ka sayar.

Sauko da ita ka yi mata buɗaɗɗen G: D G D G B D. Ta 6 ta sauka zuwa D, ta 5 zuwa G, ta 1 zuwa D, sauran ukun ba a taɓa su. Shafa a buɗe, G meja ne cikakke ba ka danne komai ba. Kwantar da manuniya a firet 5 ta danne duka, C kenan. Firet 7, D. Do, fa, so sun samu da yatsa ɗaya, kuma waƙoƙin da ke tafiya a kan waɗannan ukun ba su ƙirguwa. In ma kwantar da yatsan na wahala, ku da kuke da bututun ƙarfe a shago kamar ƙasa, yanko ɗan guntu daidai ƙaramin yatsa ka goge bakinsa ya yi sumul, ka zura, ka dinga zamewa da shi a kan tsirkiya daidai saman firet ba tare da ka danna har ƙasa ba. Baƙaƙen Amurka masu kiɗan bulus da wuyan kwalba suka yi nasu. Sautin yana kuka kamar goge, kuma yana shiga tsakanin firet inda yatsa ba ya iya zuwa.

Halin buɗaɗɗen G daban da na D, ko da yake duka meja ne. Na D do ne a ƙasa do ne a sama, do so do mi so do, shi ya sa yake da nauyi da natsuwa kamar dattijo ya gama magana. Na G kuwa so ne a ƙasa so ne a sama, so do so do mi so, yana da rawar kai, kullum kamar zai ƙara cewa wani abu. Keith Richards na Rolling Stones cire ta 6 ɗin yake yi gaba ɗaya ya bar biyar, don do ta zama itace a ƙasa. Mutanen Hawayi ma wannan ɗaurin na cikin manyan ɗaurinsu na gargajiya.

Inda zaka ci karo shine maina. In yatsanka na kwance a firet 5 ba yadda zaka yi ka sauke mi ya koma bayan yatsan. Masu wayo sai su juya abin, su sauke ta 2 daga B firet ɗaya tun farko, jitar ta zama G maina a buɗe, in ana son meja a ƙara yatsa ɗaya gaba da firet ɗaya. Kai da kake da manuniya da ƙaramin yatsa lafiyayyu wannan zai yi maka.

Kuma ba kai ne farau ba. Tony Iommi na Black Sabbath, ɗan Bamingam, a masana'antar ƙarfe inji ya yanke masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, waɗannan biyun dai irin naka, a hannun da yake danna tsirkiya. Ya narka robar kwalba ya yi musu hula, ya koma siraran wayoyi, daga baya ya sauke jitar gaba ɗaya har firet uku don ta yi laushi, sautin ya fito da wani duhu da nauyi wanda dubban makaɗa masu yatsu goma cif suke kwaikwayo har yau. Joni Mitchell ta Kanada shan inna ta kama ta tana shekara 9 ta raunana mata hannun hagu, ta dinga murɗa tsirkiya tana neman abinda hannun zai iya, ta ƙare da saiti sama da 50. Ka fara da minti goma a rana, in tabon ya yi zafi ka ajiye.

Kawu ina wuni. Ni ɗaliba ce daga Nima. Na saita buɗaɗɗen G da manhajar waya, kowace tsirkiya ta nuna kore, amma in na shafa sai inji wani abu na rawa a ciki kamar ba daidai ba, musamman ta 2. Yayana yace kunnena ne ke da matsala.

'Yata, ki gaya wa yayanki kunnenki ya fi nasa, ya ma fi wayar.

Abinda kika ji gaskiya ne kuma yana da lissafi. Kunne yana jin sauti biyu sun kwanta da juna in girgizarsu ta faɗa a kan rabo mai sauƙi: do da do ta sama 2 ga 1, do da so 3 ga 2, do da mi 5 ga 4. Amma firet ɗin jita da makullan piyano an raba su ne gida 12 daidai wa daida don kowane ki ya yi aiki, kuma wannan rabon ba ya faɗawa daidai kan waɗancan. So ta tsira da ɗan kuskure kaɗan da ba a ji. Mi ce ta sha kashi. In kika raba tazarar firet ɗaya gida 100, mi ɗin manhaja ta haura inda kunne yake so da wajen 14. G ɗinki ta 3 tana girgiza sau 196 a sakan, B ɗin da za ta kwanta da ita luf 245 ce, manhaja kuma ta ba ki kusan 247. Wannan 'yar tazarar ita ke haifar da rawar da kike ji, wajen sau 8 a sakan, wawawawa.

A saitin da aka saba haƙuri ake yi da ita, don B ɗin nan yanzu mi ce anjima do ce a wani kod. A buɗaɗɗen G kuwa aikinta ɗaya, mi ce a buɗe, mi ce a firet 5, mi ce a firet 7. Don haka ki ajiye wayar, ki bugi ta 3 da ta 2 tare, ki sassauta ta 2 kaɗan kaɗan kina saurare, zaki ji rawar na rage gudu har ta tsaya cak. Nan ne wurin. Manhaja za ta nuna ja, ki ƙyale ta. A buɗaɗɗen D ma haka ake yi wa F# ta 3. Amma in za ki kaɗa tare da mai kibod ki mayar da ita kore, in ba haka ba ku biyun za ku yi ta kallon juna.

Wannan ne ma sirrin da ya sa Dadgad ɗin da na ba ɗan Aboabo yake fita tas ko a jita mai arha, babu mi a cikinsa balle ta yi rawa.

Kawu muna da 'yar ƙungiyar ƙasida a Sabon Zangon Kumasi, mandiri muke amfani da shi, yanzu yara sun kawo jita. Wasu ƙasidun tana bi, wasu kuma ko ta ina aka danna sai a ji ta saɓa da muryar mai jan baiti.

Malam, mai jan baitinku daidai yake. Karin Larabawa, abinda suke kira maƙam, wasunsa suna da sautin da ke zaune a tsakiyar firet biyu, jita kuma ba ta da ƙofa a wurin. Hijaz ba shi da wannan matsalar sosai, a Dadgad ku bi ta 1: buɗe, 1, 4, 5, 7, 8, 10, 12, tsallen nan daga 1 zuwa 4 shine ƙamshinsa. Bayati da Rast su ne masu gardama. Bayati in ya tashi daga D, sautinsa na biyu yana tsakanin firet 1 da firet 2 ne, wannan ya yi ƙasa wancan ya yi sama.

Makaɗan Muritaniya ƙara firet suke yi wa jitar don ta bi tidinit, molonsu na gargajiya. Ku ba sai kun kai ta wajen kafinta ba. Ku bar saitin da aka saba, ku sauke ta 6 zuwa D don gida, sannan ku sassauta ta 1 rabin firet kawai, yaron ya yi da kunne yana bin muryar malam har su haɗu. Sai ya ɗauki D a ta 2 firet 3, sautin tsakiyar a ta 1 a buɗe, F a ta 2 firet 6, G a firet 8. Ƙafar Bayati kenan. Ita ta 1 ɗin ta zama ta aiki na musamman, a buɗe da kuma firet 7 in an shiga Rast daga C, ban da nan kar ya taɓa ta. Kuma ku hana shi shafa kod, ya bi baiti sauti ɗaya ɗaya.

Kawu ni hailaif nake kaɗawa a bukukuwa nan Tafo da kewaye. Duk wannan murɗe-murɗen zai amfane ni kuwa? Wani yaro a ƙungiyarmu ya dame ni da wai sabon saitin Robert Fripp.

Kai kam abokina zauna inda kake. Hailaif ɗan canza kod ne tun haihuwarsa, daga salon yatsa biyu da matuƙan jirgin ruwa 'yan Kru na Laberiya suka yaɗa a gaɓar teku, zuwa Yaa Amponsah da Kumasi Trio suka ɗauka a Landan a 1928, zuwa su Koo Nimo namu na nan. Kod na juyawa kusan kowane taki, ga mai kibod ga masu ƙaho, mai waƙa ya canza ki ba sanarwa. Saitin da aka saba don irin aikinka aka yi shi.

Na Fripp ɗin, makaɗin jita na Birtaniya, C G D A E G ne, ya fara koyar da shi a 1985. Huɗun ƙasa irin ɗaurin celo ne, babban gogen Turawa, tazarar firet 7 tsakaninsu, don haka kod ɗinsa a warwatse suke, faɗi kamar filin Idi, ƙasa can ƙasa sama can sama. Yana da kyau a kunne, amma sai an canza kaurin wayoyi, ta 2 kaɗai firet biyar za ta hau, kuma duk abinda hannunka ya haddace shekara ashirin ya tashi a banza. Akwai kuma na Stanley Jordan, E A D G C F, inda siffar kod ɗaya take aiki ko'ina a wuya, mai kyau ga 'yan jaz, amma kod ɗin kwantar da yatsa da kake cin abinci da su sun tafi. Yaron ya gwada a jitarsa a ɗakinsa.

Abinda zan ba ka shine na mutanen Kwango, mi-kwamfoze. Sunayen tsirkiyoyi ba sa canzawa, yatsunka ba sa koyon komai sabo. Cire ta 4 mai kauri, sa siririya irin ta 1 a gurbinta, ka ɗaure ta a D ta sama, wato ninkin wadda ka cire. Tunda an yi ta ne don E kuma D na ƙasa da E, ba ta cikin haɗari. Yanzu in babban yatsa ya sauko kan ta 4 yana jiran sauti mai kauri sai wani siriri ya fito ya haye kan ta 3 da ta 2, kod ɗin da ka sani ya rikiɗe ya zama ƙararrawa, sautukan sun matsu kusa da juna suna walƙiya. Sirrin jitar rakiya a rumba da sukus ɗin da iyayenmu suka yi rawa da shi kenan. A Nashbil ta Amurka huɗun ƙasan duka suke yi wa haka, su ɗora ta kan jita ta biyu a situdiyo.

Abu ɗaya, ramin da tsirkiyar ke kwanciya a can saman wuya an yanka shi ne don mai kauri, siririyar za ta yi ta lilo a ciki tana zizara. Ɗan guntun takarda a naɗe a cusa ƙarƙashinta ya isa. Ka yi a tsohuwar jitarka tukun, ka ba mai rakiya ya riƙe ta a gwajin ranar Alhamis, kai kana kan taka ta kullum, ku ji yadda biyun za su zauna kafin bikin Asabar.